Rabin Kwalekwale

Da ƙarfe bakwai na safiyar ranar suna gidanmu na unguwar Kpakungu ya fara rabewa. Liman ya sanar da cewa jaririn Baffa Sale, ƙanen mahaifina, ya ci sunan Idrisu, wato sunan marigayi kakanmu. Babana ne babba, kuma kowa ya san ya daɗe yana ajiye da sunan nan don ɗa namijin da bai samu ba, mu huɗu duk mata ne. Ya ajiye goron hannunsa ya tashi.

"Ko shawara babu, Sale?"

"Yaya, suna zai zauna jiranka ne har abada?"

Kafin mako ya zagayo, Baba ya kafa shingen langa-langa a tsakiyar gida. Ɗakin Kaka da murhunta suka faɗo ɓangarenmu. Baba ya hana mu tsallakawa, Baffa ma ya hana nasa. Ga al'ada, jikan da ya ci sunan miji shi kaka ke goyo tana kiransa Maigida. Ita sai kukansa take ji ta bayan kwano.

Da can mukan cika bakin murhu bayan magariba, muna gasa doya tana ba mu tatsuniyoyin dariya. Bayan shingen, tatsuniya ɗaya ta rage mata, kuma da ƙarfi take yin ta.

"Ga ta nan tafe, mai kunne ya ji, har da gardawan da ke laɓe a ɗaki!"

Wasu masunta ne wa da ƙane a wajen Wushishi, ubansu ya bar musu kwalekwale ɗaya. Suka yi gardama kan wanda zai zauna a baya ya riƙe filafili. Da abin ya yi zafi, suka sa zarto suka raba shi biyu. Kowa ya ja rabinsa bakin kogi ya zauna yana hararar ɗan'uwansa, uwarsu kuwa tana tsallake da tulu a ka, tana kira.

"Sai me ya faru, Kaka?" in ji ƙanwata.

"Sai uwarki! Ku tashi, hayaƙi ya ishe ni."

Baba yakan ƙaro muryar rediyo. Daga can kuma mu ji Baffa ya yi tsaki.

Ina aji huɗu a sakandare malamin Hausa ya ce kowa ya rubuto wasan kwaikwayo kan rikicin iyali da yafiya. Ban iya magana cikin mutane ba, amma na iya rubutu. Na zauna na tsara tatsuniyar Kaka fitowa-fitowa, na gyara kowace kalma. A fitowa ta ƙarshe na maƙale. In na sa wan ya nemi gafara, sai in ji ba muryar Baba ba ce. In na sa ƙanen, Baffa ba zai taɓa faɗin haka ba.

A lokacin na ɗauka tatsuniyar zagi ce kawai. Sai da na girma na gane roƙo ne, daga matar da ba ta iya roƙon 'ya'yan cikinta ba.

Na sami Kaka tana hura wuta, na durƙusa.

"Kaka, a wasan nan, wa zan sa ya fara cewa a yafe masa?"

Ta tura itace cikin murhu.

"Ba wanda zai fara, Hadiza. Ni na haife su, na sani. Kashe uwar kawai. A kan gawarta ne za su tsaya sahu ɗaya."