Keke Ya Miƙe, Ni Na Karkace

Jama'a, jiya na sha wuya. Gyaran keke ya kusa kashe ni!

Shekara da shekaru napep ɗina yana ja hagu. Makanikina da zare yake awon saitin tayoyi, kullum sai ya ce, "Lallaɓa haka." Na gaji, na kai gareji mai na'urar awo ta leza. Suka haska jan haske, suka ɗaure, wai ya miƙe.

Na ɗauki Maman Rifkatu da buhunan citta. Muna hawa titin Kagoro, keke ya nufi kwalbati ta dama! Na dawo da shi, ya sake!

Ta ce, "Yesu! Ayuba, ka sha ne?"

Ban sha ba. Gabana ya faɗi, don haka shanyewar jiki ta fara wa yayana, hannu ya ƙi jin magana.

Na koma garejin ina zufa. Mai lezar ya hau, ya zagaya, har da sakin hannu!

Ya ce, "Baba, keke lafiya. Hannunka ne ya saba turawa dama."

Da safen nan na shiga filin ƙwallo, ina koyon tuƙi daga farko. Ban yarda na ɗauki kowa ba tukuna.