Mama Laraba da Kujerar Gaban Jirgi

Duk wanda ya san Mama Laraba ya san ba ta zama a bayan mota. Ko kusa! Idan ta shigo tashar Kafanchan da buhunan cittarta, ba ta tambayar kuɗin mota, ba ta tambayar ko ta kusa cika. Kai tsaye take wa ƙofar gaba, ta leƙa, ta ƙare wa wanda ke zaune kallo, sannan ta ce, "Ni ba kaya ba ne da za a sa ni a baya." Direbobin hanyar Manchok sun gaji da ita har sun saba. Suna hango ɗaurin ɗankwalinta za su fara ba na gaba haƙuri tun kafin ta iso.

Wata rana a gabana ta tarar da wani saurayi ya hakimce a gaba, ya toshe kunnuwa da waya. Ta ƙwanƙwasa gilashi.

"Yaro na, ba ka gane ni ba? Ni na yi maka wanka ranar da aka haife ka. Ina maman ka?"

Saurayin ya cire abin kunne. "Mama, ni daga Enugu nake. Jiya na zo garin nan."

Ko gezau ba ta yi ba. "To ka gani? Tun daga Enugu kana zaune. Sauko ka miƙe ƙafa."

Ya kuwa sauko, har da riƙe mata jaka.

Ni Saratu, matar ɗanta Bulus, na sha wannan hali nata a mota, na sha shi a majami'a, inda bencin farko na Zumuntar Mata ya zama kamar gadon gidansu. Amma ban san iyakarsa ba sai da muka hau sama tare.

Ga yadda aka yi. Bulus ya riga mu tafiya Kanada aiki, takardunmu suka fito, aka sa ranar da zan bi shi da yara, Godiya mai shekara biyar da Ishaku wanda bai cika biyu ba. Ana saura ƙiris, na je Godogodo yi wa 'yan'uwana sallama, mai mashin ɗin da ya ɗauko ni ya kauce wa akuya ya zubar da ni a kwalbati. Ƙafar dama ta karye ƙasan gwiwa. Aka naɗe ta da filasta tun daga tafin ƙafa har cinya, aka miƙo mini sanduna biyu.

Mama ta zo asibiti ta ƙwanƙwasa filastar da ɗan yatsa kamar mai sayen tukunya. "Wannan siminti ne. Da kin bari na kai ki wurin mai ɗori, da yanzu kina daka."

Bulus ya rasa yadda zai yi. Ya tuna Mama tana da bizar ziyara da ya nema mata shekara guda kafin nan, ta ƙi tafiya wai lokacin haƙar citta ne. Ya kira ta ya roƙe ta ta rako ni, ta taya ni da yara. Ta ce sai ta yi addu'a tukuna. Kafin ya ajiye waya ta aika a kira mata tela.

A filin jirgi na Abuja aka ɗora akwatinta a sikeli, ma'aikaciyar ta zaro ido. Aka buɗe. Acca, busasshiyar citta, daddawa, kuka, da zannuwa kamar za ta buɗe shago. Aka ce sai ta rage. Na ce, "Mama, mu bar wa direban da ya kawo mu wasu zannuwan ya mayar gida."

"A bar wa wa?"

Ta kwashi zannuwan ta shiga bayi. Da ta fito ban gane ta ba. Ta ɗaura su duka, ɗaya kan ɗaya, ta ɗora rigar sanyi biyu, ta zama kamar rumbu mai tafiya. Ta dubi ma'aikaciyar ta ce, "Kun ce akwati ya yi nauyi. Kun ce ni na yi nauyi?" Ma'aikaciyar ta rufe baki da takarda, ta buga mana hatimi.

Jirgin farko ya kai mu wata ƙasar Turai lafiya, in ka cire cewa Mama ta so a faɗa mata dalilin da ya sa muka wuce kujeru masu kyau muka ci gaba da tafiya. Na ce na masu kuɗi ne. Ta ce, "Hmm." Ku da kuka san ta kun san wannan "hmm" ɗin. Ba ya ƙarewa a nan.

Jirgi na biyu shi ne mai doguwar tafiya, wanda ke tsallake teku. Kujerunmu suna can ƙarshe, jikin ƙofar bayi. Ƙafata ba ta lanƙwasuwa, sai na miƙe ta a hanya, duk mai wucewa sai ya yi tuntuɓe da ita ya ce sori. Mama ta karɓi sandunana ta rungume wai kada su ɓata. Ba a daɗe da tashi ba Ishaku ya ɓata jikinsa. Na ce, "Mama, ko za ki taimaka?" Ta ce hancinta ba ya jure irin wannan a sama. Haka na saɓe shi, na dafa kujeru, na yi tsalle da ƙafa ɗaya na shiga bayin nan da bai fi akwatin talabijin ba.

Da na fito, Godiya ce kaɗai zaune.

"Ina Kaka?"

"Ta tafi gaba. Wata Baturiya ta zo ta tafi da ita."

"Ina sandunana?"

"Ta tafi da su. Tana yin haka." Godiya ta tashi ta gwada mini ɗingishi.

Wani bawan Allah ɗan Ghana da ke gefenmu ya kasa riƙe dariya, shi ya ba ni labari. Ashe tun a ƙasa an sanar da ma'aikatan jirgin cewa akwai mai karaya a layinmu. Kujera ɗaya ta ragu a gaba, irin wadda ke kwantawa ta zama gado, babbarsu ta ce a ba mai ciwon. Ma'aikaciyar ta zo, ta ga tsohuwa rungume da sanduna, zannuwa sun rufe ta har ƙasa, ta tambaye ta da Turanci ko ita ce mai matsalar ƙafa. Mama, wadda kullum take cewa ba ta jin Turanci idan an zo karɓar haraji a kasuwa, ta ce, "Yes!" Ta miƙe da nishi.

Jama'a, me zan yi? In kira ma'aikaciya in ce surukata ta yi ƙarya? A gaban Turawa? In sauka Kanada in fara zaman aure da wannan labari? Na zauna na haɗiye. Mutumin gabana ya kwantar da kujerarsa har kan gwiwata mai lafiya. Ishaku ya kama kuka saboda kunnuwansa, Godiya ta zubar mini da ruwan lemo cikin filasta. Yatsun ƙafata suka kumbura suka yi kamar rogo. Na yi kuka kaɗan, ba zan ɓoye ba, na goge da rigar Ishaku.

Can sai ga ma'aikaciyar da ɗan faranti. Wai saƙo ne daga mahaifiyata da ke gaba. Na duba: ɗan tawul mai ɗumi, an riga an yi amfani da shi, da cakulan guda ɗaya an gutsuri gefe.

Godiya ce ta kwance ƙullin. Na ɗan rufe ido, yarinya ta sulale. Ta bi hanya tiryan-tiryan har labulen da ya raba mu da manya, ta ɗaga shi, ta buɗe murya da Turancinta na firamare yadda kowa zai ji: "Kaka! Mamana tana kuka! Ki ba ta sandunanta, ke ai ƙafarki lafiya!"

Ma'aikaciyar ta biyo yarinyar har wurina, ta ga filasta tun daga cinya, ta dafe ƙirji. Kafin ta ce wani abu sai ga Mama ta taho, sanduna a hammata kamar itacen wuta, tana tafiya garau, ɗingishi ya warke.

"Yauwa, Saratu, tashi ki je. Na gwada miki wurin, ba matsala."

"Gwadawa kika je yi, Mama?"

"To da fa? Zan bar ki ki je inda ban sani ba da wannan ƙafan? In kujeran ya naɗe ki fa?"

Na ce, "Amma sun ce kin ce ke ce mai ciwon ƙafa."

"Ta tambaye ni ina da matsalan ƙafa, na ce yes. Ƙarya na yi? Sanyin ƙashi na, tun kafin a haifi mijin ki nake da shi. Wa ya taɓa ba ni kujera a kai?"

Ta zauna dirshan a kujerata tana gyara zannuwa. "Kuma wurin ma ba daɗi. Kowa ya kwanta ya rufa da bargo har kai, ba mai gaishe da wani, kamar mutuware. Na ce wa na kusa da ni sannu, ya ja ƙofa ya rufe. Abu ɗaya ne mai kyau, zoɓon su. Ya ɗan yi tsami, amma yana sauka. Na sha kofi uku."

Na dube ta da kyau. Idanun sun yi ja, murmushi ya ƙi barin bakinta. Mama Laraba! Matar da ta taɓa bin dattawan unguwa har gidan burkutu da bulala a hannu!

"Mama, ba zoɓo ba ne. Ruwan inabi ne, mai sa maye."

Ta dubi sama, ta dube ni. "Ba su rubuta ba. Alhakin yana kan su." Ta matso da bakinta kunnena. "In wannan magana ya kai Zumunta, na san bakin da ya fito."

Aka kai ni gaba. Aka kwantar da kujera, aka tara mini matasai ƙarƙashin ƙafa, aka kawo ƙanƙara. Ban tsaya ganin abincinsu ba, barci ya kwashe ni kamar an buga mini guduma.

Da na farka an kusa sauka, na lallaba da sanduna na koma duba yara. Na tarar bayan jirgi ya zama unguwa. Ɗan Ghana yana tauna citta, wai Mama ta ce tana hana amai. Wata Ba'indiya ta ɗaura ɗaya daga zannuwan a kafaɗa. Mutumin da ya kwantar da kujerarsa kan gwiwata yana zaune a miƙe kamar ɗan makaranta, ban san me ta faɗa masa ba, kuma da wane yare. An ce ta koya wa layi biyu amshin waƙar Zumunta kafin zoɓon ya sake ta. Godiya tana barci a cinyarta, Ishaku a ƙirjinta, ya cusa hannu cikin rigar sanyinta. Hannunta na hagu ya mutu tun tuni a ƙarƙashinsa, ta ƙi motsa shi. Abincinta yana nan a rufe ba ta taɓa ba.

Na ce, "Mama, kawo shi ki huta."

Ta harare ni. "Shsh! Kin san wahalan da na sha kafin ya yi barci? Koma wurin gawawwakin ki."

Muna fitowa Bulus ya rungume ta, abin da ta fara faɗa masa shi ne, "Sun ba ni kujeran manya, na ce a'a, a ba matan ka." Bulus ya dube ni idonsa ya kawo ruwa. "Kin ga irin uwar da Allah ya ba mu?" Na ce na gani. Na gani ƙwarai.

Ba a nan ta tsaya ba. Da lokacin komawarta ya yi, ita kaɗai, sai na nemi bandejin da nake ɗaurawa bayan an cire filasta na rasa. Muna isa filin jirgi Mama ta fito daga mota da ƙafa a naɗe, tana nishi. Bulus ya rikice. "Mama, me ya same ki?"

"Kai dai nemo mini keken nan na marasa lafiya."

Godiya ta ce, "Kaka, ɗazu a gida ɗayar ƙafar kika ɗaure."

"Ciwon yana yawo. Rufe mini baki."

Suka tura ta a keke kamar sarauniya, tana ɗaga mana hannu. Sai da ta isa Kafanchan ta kira, murya a dushe don haushi. Jirgi ya cika maƙil, babu kujera ko ɗaya a gaba. Saboda tausayi suka sa ta a layin ƙarshe, kusa da bayi, don kada ta wahala da tafiya. Da aka sauka kuma suka ce masu keke su jira sai kowa ya fita. Ita ce ta ƙarshe, tare da masu shara.

"Saratu, mutanen nan ba su da tsoron Allah. Ga ciwo, ga bandeji, ba su duba ba."

Na ce, "Wane ciwo, Mama?"

"Bandejin ya matse ni, ƙafan ya kumbura da gaske!"

Ranar Lahadi ta ba da shaida a majami'a. Waɗanda kuka je kun ji: yadda ta tsallake teku, yadda Turawa suka gane babbar mace suka kira ta gaba, yadda ta sadaukar saboda surukarta. Aka yi ta tafi, mata suka yi guɗa. Maganar zoɓo ba ta fito ba, ni ma ban fitar ba sai yau da muka taru tunawa da ita, kuma shugabar Zumunta da ke zaune can tana dariya ta yafe mata.

Da jikinta ya yi tsanani bara, na zo gida na same ta ta rame, muryar nan da ke tsayar da mota daga nesa ta koma raɗa. Na durƙusa na gaishe ta. Sai ta nuna gefen gado ta ce in ɗora ƙafa. Na ce, "Mama, ai ta warke tuntuni." Ta ce in ɗora. Ta lakato man kaɗanya ta shiga murza mini wurin karayar da 'yan yatsun da ba su da sauran ƙarfi, a hankali, tana tambaya ko sanyin ƙasar can yana taɓa ƙashin, ko Bulus yana taya ni aiki, ko Ishaku yana cin tuwo. Ni na zo jinya, ni aka yi wa.

Ubangiji ya ba ta hutawa a wurinsa. Ya gafarta mata kurakuranta, ya saka mata ɗawainiyar da ta yi da mu, wadda ta faɗa wa duniya da wadda ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ya ta'azantar da mu da muka rage. Sai mun zo, Mama. Amin.