Kafin Ya Zama Mushe

Idan na tarar da Baffa, ƙanen mahaifina, zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida, a tsaitsaye nake gaishe shi in wuce. 'Yan uwa suna cewa aikin malanta ne ya sa mini girman kai. Ba haka ba ne. Haushinsa nake ji, kuma a kan tsuntsu ne.

Ɗan ƙaramin aku ne mai tukku, irin wanda masu sayarwa a birni suke kira kokatel. Jikinsa toka-toka, kansa rawaya, ga ɗigon ja a kowane kunci. Bayan rasuwar matata na sayo shi, don ɗakin ya yi mini shiru da yawa. Da ya ji ƙarar babur ɗina a zaure sai ya fara fito, ba ya dainawa sai na zo na sosa masa kai. Baffa kuwa tun ranar farko bai ƙaunace shi ba. Shi mai kaji ne da zabi, kuma a wajensa duk tsuntsun da ba a cin ƙwansa, ba a kai shi kasuwar Minjibir, to ɓarnar gero ne kawai.

Da damina ne, gero ya fara fitar da kai, na dawo daga makaranta ban ji fito ba. Na same shi a kan sandarsa cikin keji ya kumbura gashi, tukkun ya kwanta, yana lumshe ido da rana tsaka. Na ɗauki kwanon abincinsa na hura. Kullum in na hura ƙaiƙayi ke tashi, ran nan babu ko ɗaya, geron yana nan yadda na zuba shi. Kashinsa ya tsinke ya yi kore. Na daɗe tsugune ina kallonsa, na ga jelarsa tana ɗagawa tana sauka da kowane numfashi. Mai sayarwar ya taɓa gaya mini irin waɗannan tsuntsayen ɓoye ciwo suke yi, in har ka gani da ido to ya jima a jiki.

Na janye kejin daga bakin taga, na rufa masa zane na bar gefe ɗaya. Na zuba ruwan ɗumi a kwalba, na naɗe da tsumma na jingina a jikin kejin. Washegari da safe a ƙasan keji na same shi, ya kasa hawa sanda. Da na ɗauke shi sai na ji ƙashin ƙirjinsa a yatsana, tsoka duk ta zube. Na kira wani likitan dabbobi a Kano. Ya ce in kawo shi a ranar, a cikin kwali mai huji, kada kuma in ba shi maganin kaji ko wane iri.

Ina ajiye waya Baffa ya ɗaga labule. Da kafso ja da rawaya a hannunsa, da ruwan barkono a murfin kwano, abin da yake ɗura wa kajinsa ke nan duk ciwon da ya same su.

"Buɗe masa baki," in ji shi.

"Baffa, likita ya hana."

"Likita? Yanzu tsuntsu za ka goya zuwa birni? Uwarka tana fama da ƙafa, ban ga ka kai ta ba."

Ƙarya yake yi, ni nake kai Inna asibiti, kuma ya sani.

"To in ba ka ba shi, a yanka," ya ce. "Ba a zuba wa abu ido ya zama mushe. Ga zabina nan, kada ya shafa musu."

"Ba kaza ba ce, Baffa. Don Allah a bar mini shi."

Ya yi tsaki ya fita.

Dole in leƙa makaranta in nemi izinin hedimasta, kuma ba nisa. Ban kulle ɗaki ba, don a gidanmu kulle ɗaki zagi ne. Na samo izini, na biya kanti na karɓi kwalin sabulu, na huda shi da ƙusa a nan bakin kantin. A hanya har ina tunanin inda zan zauna a mota, inda iska ba za ta buge shi ba.

Na shigo na tarar da Baffa a tsakar gida yana wanke wuƙa da buta. Tsuntsuna yana kan faifai, kan ya karkace, rawayan ya ɓaci da jini. Inna tana zaune a bakin murhu, ta ƙi ɗago kai.

"Na leƙa na ga yana shirin tafiya," in ji Baffa, hankalinsa kwance. "Allah ya sa na riske shi da sauran rai. Ya yi motsi bayan yanka, halal ne. A fige a gasa wa yara."

Tsuntsun bai kai loma biyu ba. Na tsaya da kwalin a hannu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne babu mugunta a fuskarsa. Gani yake ya fitar da ni daga asara, ya kuma tsaya yana jiran abin da ake cewa in babba ya yi maka aiki.

Inna ta kira ni a hankali, ta ce, "Baffanka yana tsaye."

Na dubi wuƙar, na dubi furfurarsa, na dubi Inna da za ta ci gaba da zama a gidan nan tare da shi. Na rusuna na ce, "An gode, Baffa."

Ya ce, "Ba komai," ya mayar da wuƙarsa kube.