Allon Kofur Aaron

In ka taɓa bin bayan kasuwar Zuru a shekarun nan da gidajen kallon ƙwallo suka fara yawa, ka ga Kefas ko ba ka san sunansa ba. Gajere ne, fensir a bayan kunne, garin katako har cikin gira. Allunan shago yake sassaƙawa, da gicciyen kabari, kuma yana da ƙa'ida guda da ya gada wurin mahaifinsa. Sunan mai rai, gefen haruffan ake sassaƙewa su taso sama. Sunan mamaci kuwa, shi ake haƙawa ya nutse cikin itace. Ka tambaye shi dalili, sai ya ce haka ya tarar.

To, yana da ɗan ƙanwa soja, Kofur Aaron, wanda in Arsenal ta sha kashi ko tuwo ba ya ci. Da za a tura su Darfur ya leƙo rumfar.

"Kawu, allo nake so. Sunana da igwar ƙungiyarmu, a rataya a shagon Mama."

"Igwar da kullum ake cinku da ita?"

"Kai dai sassaƙa, tsoho. Kafin in dawo mun ɗau kofi."

Aaron ya tafi, allo bai samu ba, don aiki ya yi wa Kefas yawa gabanin Kirsimeti. Ana haka Anselm mai kayan aiki ya kawo masa wani inji daga Onitsha, mai baki kamar ƙusa, yana cin katako kamar gara. Kefas ya ɗora shi kan katakon maɗaci don allon Aaron da rana tsaka, kafin shayinsa ya huce ya gama. Sai da ya hure garin katakon sannan ya ga aika-aikar. Injin ba ya tayar da harafi, haƙawa kawai ya iya. Ga sunan yaron nan kwance a cikin itace, sak irin na maƙabarta.

Ya ƙona? Wa ke ƙona sunan mai rai? Yana cikin wannan tunani Saloma, uwar yaron, ta shigo ta sure allon.

"Kai, Yaya, ya yi kyau! Yau ka tashi daga malalaci."

Ta tafi da shi ta rataya a shagonta.

A makon ne wayar Aaron ta daina shiga. Sai kuma Saloma ta fara ƙorafi, wai kullum sai ta tarar da haruffan cike da ƙasa, wani jan rairayi mai laushi wanda ba irin na Zuru ba. Ta goge da tsumma, kafin azahar ya dawo. Kefas ya je ya sa yatsa. Rairayin da ɗumi, alhali allon a inuwa yake.

"Ba ni shi, fenti zan ƙara," ya ce.





Ya rufe rumfa, ya mayar wa mutane aikinsu. Ya samo kirya, itacen nan mai taurin tsiya, ya riƙa fere haruffa da hannu ɗaya bayan ɗaya, yana dasa kowanne cikin raminsa da guduma har ya taso sama da fuskar allon. Kowane rami sai ya kwashe rairayi kafin ya dasa, in ya juya ya ɗauko guduma ya tarar ya sake taruwa. Na ƙarshen ya fi ba shi wuya. Sai da jinin babban yatsansa ya shiga ciki sannan ya zauna.

Da damina Aaron ya dawo, ya rame, yana jan ƙafa. Ya zauna kan bencin Kefas ya ba da labari a hankali. Motarsu ta kife a wani kwari, ƙasa ta rufto masa har wuya, ba wanda ya san yana wurin. Abin da ya hana shi barci, in ji shi, wani bugu ne da yake ji a ƙarƙashinsa, ƙwas, ƙwas, kuma duk bugu ɗaya sai ya ji an ɗaga shi kaɗan.

Kefas bai gaya wa kowa ba, ko Saloma. Ya ci gaba da goge katakon da ke gabansa, bai ɗago ba.

Aaron ya daɗe yana kallon yatsan Kefas, wanda har yanzu yake naɗe da tsumma.

"Kawu," ya ce, "ka daɗe ba ka fara ba."