Anti Wasila da Sunan da Mma Mero Ta Ƙi Faɗa

Kullum da safe Anti Wasila takan hau abra, ƙaramin jirgin fito, ta ƙetara zuwa Bur Dubai, ta buɗe ɗan ofishin fassara da ke bayan kasuwar yadi, ta ɗora shayi, ta fara sauraron mutanen da kowa ya gaji da su. 'Yar Kaduna ce, a Italiya ta yi karatu, aikinta kuwa taimaka wa jikokin Italiyawa su zama 'yan ƙasar kakanninsu. Watan nan za ta ajiye aiki. Abin haushi, mu da muke haɗa walima don wani ya sauke kwantena, babu wanda ya ce mata ko sannu.

To, ni zan ce. Ku tambayi Hawawu, 'yar zangon Kumasi, mai gyaran ɗakuna a otal. Kakanta Ba'italiye ne. Ya zo aikin hanya, ya musulunta, ya auri Mma Mero, aka haifi baban Hawawu, sannan ya koma gida bai sake waiwayowa ba. Mutanen da suka ci goron ɗaurin auren da bakinsu, su ne suka koma kiran yaron marar asali har ya bar duniya. Don haka Hawawu ba fasfo kaɗai take nema ba, so take a wanke ubanta.

Amma ba a neman mutum a Italiya sai da suna, sunan kuwa babu. Duk dattijon da aka tambaya sai ya ce Massa suke kiransa, yadda leburori ke kiran kowane Bature mai ba da umarni. Mma Mero kaɗai ta sani, ita kuwa macen zamanin da ce, ba ta faɗin sunan miji ko da wuƙa a wuya. Ga tsufa, ga ciwo. Dangi suka yi ta daka mata tsawa, wai kunyar banza za ta kashe wa yarinya gaba, a kan namijin da ya gudu. Tsohuwa ta juya fuska bango, ta daina kula kowa.

Da Wasila ta ji, ranta ya ɓaci. Ta ce kada wanda ya ƙara takura wa baiwar Allah. Ta riƙa kiranta ta bidiyo a hutun azahar, gaisuwa da hira kawai. A nan Mma Mero ta ba ta labarin yadda ta raini ɗanta da suyar waina a bakin tasha. Wasila ta tambayi Hawawu ko a zangonsu ma waina ake cewa. Hawawu ta yi dariya, ta ce kowa masa yake cewa, kakarta ce kaɗai mai iyayin Kananci, har tsokanarta ake yi.

Wasila ta san Massa sunan dangi ne a Italiya. Ta kuma san macen da ta yi shekara da shekaru tana kauce wa kalma ɗaya, ba iyayi take yi ba.

"Mma, ba sai kin faɗa ba," in ji ta. "Abin nan da kike soyawa, sunan gidansu ne?"

Tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa da dariya. "Ke 'yar nan, ba ki da kunya." Sannan ta faɗi garinsu, tunda gari ba miji ba ne.

Da suna da gari aka gano inda aka haife shi, aka haɗa da shaidar dattawan da suka halarci auren, takardun Hawawu suka shiga. Mma Mero ta rasu kafin azumi, sunan bai taɓa fita daga bakinta ba.

Anti Wasila, ke ce mai buɗe ƙofa ba tare da ɓalle ta ba. Ke kika samo wa marayu suna, kika bar wa tsohuwa kunyarta. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Mu kuwa masu tsawa a waya, mu koyi zama da tsofaffinmu kafin mu neme su mu rasa.

Jiya Hawawu ta je yi mata sallama da kwano a hannu. Wasila ta tambayi me ke ciki. Hawawu ta sunkuyar da kai ta ce, "Waina ce, Anti."