Karan Dara Goma na Mahaifina

A garinmu Deule, darar ƙofar gidan maƙeri tana da tata doka. 'Ya'yan dara goma sha biyu ne, amma sabon shiga kaɗai ke zama da su cif. Wanda hannunsa ya ɗan faɗa sai ya ajiye ɗaya gefe, gwani ya ajiye biyu, don kowa ya samu rabonsa a wasan. Wanda aka cinye ya tashi, wani ya zauna. Tun ina ƙarami mahaifina da kara goma yake yi, shi kaɗai a garin, kuma kiran sallar la'asar ne kawai ke tayar da shi.

Shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai na zo wani hutun rani daga Madawa, inda nake koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, na tarar abin ya juya. Tsoho zai ɗaga kara, hannu ya tsaya a sama, ya manta inda za shi. Kowa cinye shi yake yi, har wani makiyayi da bara ya koyi wasan. Duk da haka in ya zauna sai ya fara ware biyunsa gefe, yana gyaran murya.

Maƙeri ya ja ni bayan rumfa, ya kira ni da sunan da ake kiran malamin lakwal. "Mushe, kai ad da boko, gyara muna lissahin ga. Tsoho ba ya iyawa da goma, mu ko kunya ta hana mu hwaɗi."

Haushi ya kama ni. Su da suka shekara talatin tare da shi sun kasa, sai ni ɗan cikinsa? Amma na je, na durƙusa.

"Baba, da ka koma sha biyu."

"Ni za a ba sadakar kara? Wa yac ce maka na gaza?"

Na tashi na ba shi wuri.

Sai suka gwada wata dabara, wadda ta fi muni. Maƙeri ya riƙa buɗe masa hanya da gangan. Tsoho ya ci sau ɗaya, ya ci na biyu, ya ɗago ya dubi fuskokinsu, ya sa tafin hannu ya share gurabun. Kwana huɗu bai fito ba. Ni kuwa na cika takarda da lissafi irin na lakwal, wa zai ajiye nawa, wa zai kara da wa. Duk ta inda na biyo, ko dai a yi masa ƙarya ko a kunyata shi. Tausayinsa ya hana ni cin abinci.

Rana ta biyar ya fito da kansa, ya zauna gaban makiyayin nan. Bai ware komai ba. Ya dasa sha biyunsa ɗaya bayan ɗaya. Makiyayin, da yake an riga an ɗaga shi zuwa sha ɗaya, ya yi wasansa tsakani da Allah, kansa a sunkuye. Kafin inuwa ta matsa ya cinye shi.

Tsoho bai tashi ba. Ya juyo ya neme ni cikin mutane.

"To, Mushe, na amshi biyun. Nawa za ka ƙara min?"

Babu dara mai 'ya'ya goma sha uku. Na tsaya ina kallon ƙasa, mutane suna jira ya ba su wuri.