Firjin Sixten

Mahaifina, Helmer Brolin, shekara arba'in da ɗaya ya yi yana haɗa lemon kwalba a ƙauyenmu na Småland. Yana ɗan sha tara ya gaji injin daga kawunsa. Ƙarar kwalabe ta kashe masa kunnen hagu, kuma har ya bar duniya bai iya cewa a'a ba. Ni nake faɗa a madadinsa.

Kowace Talata yakan zaga kantuna tara da tsohuwar motarsa. Na ƙarshe shi ne na Sixten, abokinsa tun firamare, inda zai zauna ya sha kofi da burodin kirfa.

A bazarar 1994 wani katafaren kamfanin lemo na ƙasar waje ya turo wakilinsa, Kennet, mai takalmi sai ƙyalli. Ya raba wa kowane kanti firji kyauta, mai ƙofar gilashi da fitila. Sharaɗin ɗaya ne, kada lemon kowa ya shiga kantin sai nasu. Duk taran suka sa hannu.

Ina cikin motar ranar da Sixten ya tare Baba a bakin ƙofa.

"Helmer, ka san zamani. Ba sai ka sauke ba."

Ko kofin bai ba shi ba. Baba ya mayar da akwatin da ya ɗauko, ya ce, "To, ba komai." Ya sallami ma'aikatansa biyu. Kafin shigowar kaka, har ya fara maganar sayar da injin.

Na ce ya jira Disamba.

Kowa ya san lemon Kirsimeti julmust ne, baƙin nan mai kumfa, a ƙauyenmu kuwa na Brolin ko babu. Kennet ya ɗauka fitilar firji za ta sa mutane su manta. Ya jibge wa kantuna nasu lemon har rufi. Mu kuma muka zuba sauran sukarinmu kaf a julmust, na kafa allo cewa a ƙofar masana'anta kaɗai ake sayarwa.

Layi har bakin coci. Tsofaffin mata kuwa suka sa Sixten a gaba. Wata ta ce masa, "Me zan ajiye kusa da kifina ranar bikin? Firjinka?"

Saura kwana tara Kirsimeti sai ga Sixten, hula a hannu.

"Majvor, ina tsohon?"

"Yana aiki. Ni ce kunnensa, faɗi."

"Akwati talatin kawai."

"Ina za ka sa su? Ai ba ka da wuri."

"Haba, 'yar Helmer. Ni fa na riƙe ki ranar da aka yi miki baftisma."

"Ka kuwa sake ni da wuri."

Baba ya leƙo. "Majvor, ki bar shi haka."

"Koma wurin injinka, Baba."

Na gaya wa Sixten nawa sharaɗin. Firjin zai fita daga kantin da hannunsa, ranar Asabar da tsakar rana, lokacin da kasuwa ta cika. Kuma lemonmu zai hau kantarsa shekara gaba ɗaya, ba Disamba kaɗai ba.

Na je na tsaya na kalla. Yana turawa yana haki, tayar firjin tana maƙalewa a ƙanƙara, ba wanda ya taimaka masa. Kennet ya iso yana ihu zai kai ƙara. Na ce, "Kwantar da hankalinka, a waje ma zai yi sanyi."

Kantuna biyar suka bi sahu kafin sabuwar shekara. Sauran ukun ba su dawo ba, ban kuma nemi su dawo ba. Ba a sayar da injin ba. Baba ya ƙara shekara tara a kansa, ya kuma koma shan kofinsa na Talata kamar ba abin da ya faru. Halinsa ke nan.

Ni ban sake taka kantin ba. Da Baba ya rasu, Sixten ya aiko da furanni. Na sa su a akwatin lemo, na ajiye masa daidai inda ya tare mu.